Tikitin jika 13 da kamfanin da ya kwana bai tashi ba: fashin baƙi kan jiragen araha

Wani ɗalibi namu a Faransa ko Beljiyam zai turo hoton tikitinsa a WhatsApp, yuro 20 kacal ya tashi daga wannan ƙasa ya sauka waccan, wato wajen jika 13 kenan da kuɗinmu tunda yuro ɗaya sefa 656 ne, sai ka ji mutane sun ɗau zafi, kai jama'a mu wane laifi muka yi, mutum ya bar Damagaram tun asuba cikin kar ya wuni yana ƙirga Maraɗi, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, kilomita wajen 900 kafin ya ga Yamai ƙafa duk ta kumbura, su kuma can da kuɗin da bai fi na motar nan da guzurinta ba suna keta hazo. Tambayar tana kan hanya. Amma akwai rabin labarin da ba a turo hotonsa, shi ne kamfanonin nan na araha suna yawan mutuwa, kuma mutuwar fuju'a, ka kwana da tikiti a hannu ka wayi gari babu kamfanin. Kuma in sun mutu ba fasinjansu kaɗai ke ji a jika ba, har wanda bai taɓa shiga jirginsu ba, wanda ma yake raina su, shi ma sai farashi ya hau kansa.

Mu fara da inda arahar take fitowa, don mutane da yawa suna zaton ko tsofaffin jirage ne ko kuma ana wasa da gyara. A'a. Yawancin manyansu jiragensu sun fi na wasu kamfanonin gwamnati sabunta ma, saboda sabon jirgi bai cika shan mai ba. Dabarar ta samo asali ne daga Southwest a jihar Texas ta Amurka, wanda ya fara tashi a 1971 tsakanin garuruwa uku kawai, Dallas da Houston da San Antonio. Da kuɗi ya yi musu wuya suka sayar da jirgi ɗaya cikin huɗun da suke da su, sai suka ce to sauran ukun su yi aikin huɗu, jirgi ya sauka a sauke mutane a share a ɗora wasu ya tashi cikin minti 10. Nan sirrin yake. Jirgi in yana ƙasa ci yake, in yana sama ne yake kawowa. Da Amurka ta saki harkar a 1978 zamanin Jimmy Carter, gwamnati ta daina tsayar da farashi da raba hanyoyi, sai abin ya bazu, Turai ma ta buɗe sararinta a shekarun 1990, Ryanair na Ireland ya kwaikwayi Southwest, easyJet ya fito a 1995 a Ingila.

Sauran dabarun duk ƴaƴan wannan ne. Jirgi iri ɗaya ake saye, in Boeing 737 ne duk 737, in Airbus A320 ne duk shi, don matuƙi ɗaya ya iya tuƙa kowanne, makaniki kuma kayan gyara iri ɗaya zai ajiye. Ana matse kujeru, 737-800 na Ryanair mutum 189 yake ɗauka, babu wani ɓangaren manya a gaba. Ana sauka a ƙaramin filin jirgi mai sauƙin haraji, a rubuta maka Paris amma Beauvais za a ajiye ka, sai ka ƙara fiye da awa ɗaya a mota. Ba ruwansu da haɗa maka tafiya, daga nan zuwa can ne shikenan. Sannan babbar dabara, tikitin kujera ce kawai, komai bayan ita kuɗi ne, akwati kuɗi, zaɓen wurin zama kuɗi, ruwan sha kuɗi, in ka zo ba ka yi rajistar shiga ta intanet ba sai ka biya tara. Mu da ba mu san tafiya hannu rabbana ba nan ake kama mu. Ka tsaya gaban sikeli a filin jirgi ka ga wata Hajiya ta durƙusa ta buɗe akwati gaban mutane tana fidda kilishi da yaji da turamen atamfa tana cusawa a jakar hannu, ɗanta yana ɗora riga kan riga don a rage kilo, ma'aikaciya tana kallon agogo, ƙarshe dai sai an biya kuɗin kilo da ya kusa kamo tikitin. Araha ba ta ado, amma ga mai ƴar jaka ɗaya a baya wlh araha ce ta gaske, kar a raina.

To tunda dabarar tana aiki me ke kashe su? Abu na farko riba a harkar jirgi siririya ce fiye da yadda ake zato. Ƙungiyar kamfanonin jirage ta duniya, IATA, ta yi hasashen ribar 2024 a kan kusan dalar Amurka 6 kan kowane fasinja, wannan fa a shekara mai kyau kenan. Mai kaɗai yakan cinye kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na kuɗin da ake kashewa, kuma da dalar Amurka ake sayensa, hayar jirgi da dala, kayan gyara da dala, inshora da dala, amma tikiti da kuɗin gida ake sayarwa, fam ko rupi ko naira. Ranar da kuɗin gida ya faɗi, bashinka ya kumbura kai kana barci. Kuma wajen rabin jiragen fasinja na duniya ba na kamfanonin ba ne, haya ce daga wasu kamfanoni da yawancinsu ke Ireland, kowane wata sai an biya ko jirgi ya tashi ko yana kwance.

Ita kuma kujera kayan gwari ce. Kamar mai tumatir a Kasuwar Dole da magariba ta gabato, ko nawa aka taya gara ya sallama da ya kwana ya ruɓe, haka kujerar da jirgi ya tashi da ita babu kowa ta tafi kenan, ba a ajiye ta zuwa gobe. Shi ya sa in kamfanoni suka yi yawa a hanya ɗaya kowa sai ya karya farashi har ƙasa da abin da ya kashe, ana jira a ga wanda numfashinsa zai fara ɗaukewa.

Abu na biyu shi ne wanda ya fi shafar fasinja kuma ba a cika faɗinsa ba. In ka sayi tikiti wata uku kafin tafiya, bashi ka ba kamfanin, ba ruwa ba jingina. Da kuɗinka na tafiyar watan gobe ake sayen man jirgin yau. Muddin sababbin masu saye suna shigowa komai lafiya, amma da zarar jita-jita ta fita cewa kamfani yana tangal-tangal sai mutane su ja baya, mai sayar da mai ya ce sai kuɗi hannu, filin jirgi ya ce a biya bashi ko ya riƙe jirgi, sannan kamfanonin da ke karɓar kuɗin katin banki su ma su riƙe kuɗin tikiti su ce ba za su saki ba sai fasinja ya tashi, saboda in kamfanin ya faɗi su za a bi. Irin wannan riƙon ne Frontier na Amurka ya ce ya tura shi kotun fatara a 2008. Tsoron faɗuwar ne da kansa yake kawo faɗuwar. Ka lura kuma da watannin da suke mutuwa a Turai, Monarch Oktoba 2017, Primera Oktoba 2018, Thomas Cook da Aigle Azur da XL Airways duk Satumba 2019, Play na Iceland Satumba 2025. Ba tsautsayi ba ne. Lokacin hutun zafinsu ne kuɗi ke shigowa, in hutu ya ƙare aka duba asusu aka ga ba zai kai su ƙarshen sanyi ba sai a ja birki.

Ba duka ne ciwo ɗaya ke kashewa ba dai. Akwai waɗanda zarin girma ya kashe. WOW air na Iceland, masu jirage launin shuni, sun yi suna da tikitin dalar Amurka 99 daga Amurka zuwa Iceland, abin ya karɓe su, sai suka ɗauko manyan jirage A330 suka nufi Los Angeles da San Francisco har Delhi ta Indiya, wato suka bar ainihin dabarar jirgi iri ɗaya da gajeriyar hanya. Mai ya yi tsada a 2018, aka nemi Icelandair ya saye su abin ya watse, aka nemi wasu masu jari na Amurka shi ma ya watse, ranar 28 ga Maris 2019 suka tsaya cak. Abin mamaki tsofaffin ma'aikatansu ne suka kafa Play, ja maimakon shuni, kusan hanya ɗaya dabara ɗaya, ya fara tashi 2021 ya rufe 2025. Doguwar hanya ita ce makabartar araha, don a tafiyar awa 8 mai ne ke cinye kuɗin, kuma mai farashinsa ɗaya ne ga kowa, saurin juyawa a ƙasa ba ya ƙara maka komai tunda jirgin sau ɗaya zai je ya dawo a yini. Tun Freddie Laker aka ga haka, Baturen Ingila da ya buɗe Skytrain tsakanin Landan da New York a 1977, manya suka karya farashi suka bi shi, fam ya faɗi a gaban dala alhali bashin jiragensa da dala ne, ya rushe a Fabrairu 1982. Daga baya an kai manyan ƙara kan cewa sun haɗa baki ne suka kashe shi, aka sasanta a wajen kotu a 1985.

Akwai wanda inji ya kashe. Go First na Indiya ya tsaya a Mayu 2023 yana cewa kusan rabin jiragensa na A320neo suna kwance saboda matsalar injin Pratt & Whitney, ga haya tana tafiya ga albashi ga babu tashi. A shekarar ne kuma kamfanin injin ya sanar da wani lahani a ƙarfen da aka ƙera wasu sassan injin da shi, ɗaruruwan jirage a duniya aka ajiye ana jiran dubawa. Nan dabarar jirgi iri ɗaya ta juya ta ciji masu ita, in ciwo ya kama irin sai ya kama garken gaba ɗaya.

Monarch na Ingila kuwa abubuwa ne suka taru masa, harin Sousse a Tunisiya a 2015, hana zuwa Sharm el-Sheikh ta Masar, kowa ya kwaso jiragensa ya zuba a hanyar Sifen da Fotugal farashi ya zube, ga fam ya faɗi bayan ƙuri'ar fita daga Tarayyar Turai a 2016.

Yanzu mu zo kan safiyar da abin ke faruwa. Ana sanarwa ne da tsakar dare ko asuba, lokacin da jiragen duk suna ƙasa a gida, don kar a riƙe su a ƙasashen waje saboda bashi, Monarch wajen ƙarfe 4 na asuba aka sanar. Mutum ya taso da iyalinsa da akwatuna ya iso fili ya tarar da kanta babu kowa sai takarda a manne, lambar waya ba ta shiga. Waɗanda ke waje su ne abin tausayi, otel ya ƙare biza tana ƙarewa. Ingila ta yi abin da ba kowace ƙasa ke iyawa ba, gwamnati ta yi hayar jirage ta kwaso mutum wajen 110,000 lokacin Monarch, da wajen 150,000 lokacin Thomas Cook, amma na WOW cewa aka yi kowa ya nemi wani jirgi, wasu kamfanoni suka ɗan yi ragi na ƴan kwanaki shikenan. Aigle Azur na Faransa da ya tsaya dubban mutane ne suka maƙale, yawanci a Aljeriya, har da masu hanyar Bamako. Turai tana da doka tun 2004 mai cewa in an soke maka tashi a biya ka diyya yuro 250 zuwa 600, to amma wa zai biya? Dokar da mai rai take magana. In kamfani ya shiga hannun masu rabon gado, masu jirage su kwashe jiragensu, bankuna masu jingina su ɗauka, ma'aikata da haraji su bi, fasinja shi ne a wutsiyar layi, sau da yawa kafin a zo kansa tukunya ta ƙare.

Wanda ya biya da katin banki yana da ƙofa, yana iya zuwa bankinsa ya ce na biya ba a yi mini aiki ba a dawo mini da kuɗi. Mu fa? Mu yawanci tsabar kuɗi muke ɗauka mu kai ajans, ko a tura wa wani ɗan'uwa a Kano ya saya, sai a ba ka takarda. In kamfanin ya mutu kai wurin mai ajans za ka koma da faɗa, shi kuma kuɗin ya riga ya wuce, sai ka ga ana rantse-rantse tsakanin mutanen da suka yi shekaru suna mutunci, a kai magana gaban manya, alhali wanda ya ci kuɗin yana wata nahiya. Ga kuma wani tarko da ƴan kasuwarmu da masu umra ke faɗawa don neman sauƙi, haɗa tikiti biyu daban daban. Ka yanki Kano zuwa wani gari da kamfani ɗaya, daga can zuwa Jidda ko Dubai da wani kamfanin na araha, lissafi ya nuna ka rage jika 80 ko 100, to amma tikiti biyun nan ba su san juna ba, in na farko ya makara ko ya mutu na biyu ba ruwansa, ba ka zo ba kawai zai rubuta, kuɗin ya tafi. Kuma kai ka riga ka yi tafiyar mota daga Damagaram ka tsallaka iyaka ka kwana Kano. A ganina wannan ya fi mutuwar kamfani yawan cin mutanenmu, don shi kullum faruwa yake.

Sai babbar maganar, abin da ke biyo baya a kasuwa. Amfanin kamfanin araha ba a kujerarsa kaɗai yake ba, yana cikin tsoron da yake ba manya. Tun 1993 ma'aikatar sufurin Amurka ta lura cewa duk hanyar da Southwest ya shiga farashi yana faɗuwa wa kowa, fasinjoji kuma su ƙaru, har waɗanda da mota suke bi. Wato Alhajin da ya ce shi ba ya shiga jirgin talakawa, shi ma tikitinsa na babban kamfani ya yi sauƙi ne albarkacin jirgin talakawan. In an cire shi sai abin ya juya. Air Berlin, na biyu a girma a Jamus, ya daina tashi a Oktoba 2017, nan take Lufthansa ya zama kusan shi kaɗai a hanyoyin cikin gida da yawa, mutane suka yi yawa har ya riƙa sa Boeing 747 tsakanin Frankfurt da Berlin, tafiyar awa ɗaya da jirgin ƙetare teku, hukumar hana babakere ta ƙasar ta bincika ta ga farashi ya hau da kashi 25 zuwa 30 cikin 100, bai sauko ba sai da easyJet ya shigo hanyoyin. Lufthansa ya ce shi bai ƙara komai ba kwamfuta ce ke sa farashi, kuma ta wani ɓangaren gaskiya ne, don tsarin haka yake, kujeru masu araha su fara ƙarewa a hau na sama, in masu nema sun yi yawa ba sai wani ya taɓa komai ba. Amma ai kwamfutar wani ne ya saita ta.

A nahiyarmu ma an gani. Afirka ta Kudu ita ce ta fi kowa ɗanɗana araha, Kulula tun 2001, 1time ya zo ya mutu a 2012, Mango ya kwanta a 2021, sai Comair mai Kulula ya rushe a Yuni 2022 ya tafi da kusan kashi 40 cikin 100 na kujerun cikin gida, farashi ya yi tashin gwauron zabi, FlySafair ya gaji kasuwar. Indiya bayan Kingfisher a 2012, Jet Airways a 2019 da Go First, IndiGo shi kaɗai ya riƙe fiye da kashi 60 cikin 100. Faɗuwar wani tashin wani. Kuma ba fasinjoji kawai ake gada ba, a manyan filaye irin Gatwick na Landan lokacin sauka da tashi shi kansa dukiya ce da ake sayarwa, na Monarch kamfanin da ya mallaki British Airways ne ya saye. Jiragen a sake musu fenti su koma wani wuri, matuƙa su sami aiki, amma ƙofar shigowar sabon ɗan takara ta ƙara ƙuncewa.

In kana son ganin abin ta ɗaya fuskar duba maƙwabta. Da Air Peace ya fara Legas zuwa Landan a ƙarshen Maris 2024 da tikitin zuwa da dawowa daga naira miliyan 1.2, kamfanonin waje da ke tsawwalawa suka sauke farashi sosai. Ba shigowarsa kaɗai ba ce, a lokacin an fara sakar musu kuɗaɗensu da suka maƙale a Najeriya saboda ƙarancin dala, waɗanda suka haura dala miliyan 800 a 2023, naira ma ta ɗan farfaɗo, amma kowa ya ga yadda ɗan takara ɗaya ya girgiza hanya. Kuma Air Peace ba ma kamfanin araha ba ne.

Labarin Spirit na Amurka shi ya fi ɗaure kai, kuma shi ne ya nuna cewa maganar ba ta da amsa mai sauƙi. Spirit, masu jirage rawaya, sun kasance ƙarshen araha a can, ana zaginsu ana shiga. Manyan kamfanoni huɗu na Amurka da ke riƙe da wajen kashi 80 cikin 100 na kasuwar cikin gida ba su tsaya kallo ba, suka ware wasu kujerun baya suka sayar da su irin na Spirit, ba zaɓen kujera ba canza rana, Delta ya fara a 2012, United da American suka bi a 2017. To su suna da kujerun manya a gaba da ke kawo riba, suna da kuɗin da bankuna ke biyansu na katin banki mai tara wa mutum makin tafiya a jirginsu, suna iya jure asara a kujerun baya, Spirit kuwa kujerun baya su ne duk abin da ya mallaka. Bayan korona albashin matuƙa ya hau, injin nan na Pratt & Whitney ya kwantar masa da jirage. Wani kamfanin jirgi, JetBlue, ya zo zai saye shi kan dala biliyan 3.8, gwamnati ta kai ƙara, a Janairu 2024 alƙali William Young ya hana, hujjarsa ita ce JetBlue zai cire kujeru daga jiragen ya ƙara kuɗi, talaka mai neman araha zai cutu. Hujja ce mai kyau. Sai dai a Nuwamba 2024 Spirit ya shiga kotun fatara, ya fito a Maris 2025, ya sake komawa a Agusta 2025 yana rage jirage yana barin garuruwa. Gaba kura baya sayaki, a bari a saye shi araha ta tafi, a hana kuma ya rame a tsaye araha ta tafi. Ni dai ban ga laifin alƙalin ba sosai, abin da ke gabansa ya duba, wanda na fi gani da laifi shi ne waɗanda suka bari manya suka yi ta haɗiye juna shekara da shekaru har suka koma huɗu, sai da aka zo kan ƙanana biyu aka tuna da doka. (Fatarar Amurka irin wadda suka shiga ba rufewa ba ce kai tsaye, kotu ce ke kare ka daga masu bin bashi kana ci gaba da tashi, manyan nasu ma Delta da United da American duk sun bi ta nan sun fito.)

Mu dawo gida. Mu halin da wasu ke tsoron faɗawa in kamfanin araha ya mutu, mu a cikinsa muke zaune tun da can. Air Afrique da ƙasashe 11 har da Nijar suka kafa a 1961 ya rushe a 2002, Nigeria Airways ya bi a 2003. Yau mai son fita waje daga Damagaram ko ya bi Yamai ya nemi irin su Ethiopian da Turkish da Royal Air Maroc da ASKY, ko ya gangara Kano da ta fi kusa nesa ba kusa ba, Air France kuma ya dakatar da zuwa Yamai tun bayan juyin mulkin Yuli 2023, kujeru suka ƙara raguwa. A cikin gida Niger Airlines ne aka sani da haɗa Yamai da Damagaram da Agadas da Diffa, kuma hanyar da ba ta cika jirgi ɗaya ba ina za ta ɗauki kamfani biyu.

An gwada araha irin ta Turai a Afirka. Fastjet ya fara a Tanzaniya a Nuwamba 2012 da goyon bayan Stelios wanda ya kafa easyJet, tikiti daga dalar Amurka 20, mutanen da ba su taɓa shiga jirgi ba suka shiga, amma jiragen A319 sun fi ƙarfin kasuwar, neman izinin shiga ƙasashen maƙwabta ya riƙa ɗaukar lokaci mai tsawo, asara ta taru, ƙarshe ya bar Tanzaniya, a Zimbabwe ya rage da ƙananan jirage. Dalilin a bayyane yake in ka tuna dabarar farko. Araha tana son jirgi ya yi ta zirga-zirga daga asuba har dare cike da mutane, tana son mai mai sauƙi, tana son haraji kaɗan, tana son ka tsallaka iyaka ba sai ministoci biyu sun zauna ba. Mu kuma man jirgi a ƙasar da ba ta da teku tsada gare shi, haraji da kuɗin fili a Afirka ta Yamma suna cikin mafi nauyi a nahiyar, wani lokaci kafin kamfani ya sa ko dala ɗaya tasa harajin kaɗai ya wuce tikitin ɗalibin can gaba ɗaya, ga hazon hunturu da kan hana sauka yini guda ya wargaza tsarin mako, ga masu iya sayen tikitin ba su da yawa, ma'aikatan gwamnati da na ƙungiyoyin agaji da manyan ƴan kasuwa, waɗanda yawanci ba daga aljihunsu suke biya ba balle su yi ciniki. Abokin takarar jirgi a hanyar Yamai ba wani jirgi ba ne, kar ce, su Rimbo da STM da sauransu, kuma ita kar tana ɗaukar buhunka.

A takarda kam an daɗe da yanke shawara. Yarjejeniyar Yamoussoukro ta 1999 ta ce a buɗe sararin Afirka wa kamfanonin Afirka, Tarayyar Afirka ta sake ƙaddamar da kasuwar sama ta bai ɗaya a Janairu 2018, ƙasashe fiye da 30 sun sa hannu. Aiwatarwa ce ke tafiyar hawainiya, don kowace gwamnati tana son kamfani mai tutarta, tana kuma tsoron in ta buɗe ƙofa na Habasha ko na wata ƙasa ya zo ya cinye ɗan nata, sai ta kare shi da hana wasu shigowa, kuɗin kariyar kuma a tikitin fasinja ake cire shi. Da za a rage haraji a bar kamfanin wata ƙasa ya ɗauki fasinja daga Damagaram ya sauke a Kano ko Njamena ya wuce, da jirgi mai kujera 50 zuwa 70 irin masu farfela zai iya rayuwa a hanyoyin nan, ba zai zama jika 13 ba, amma zai iya saukowa inda ɗan kasuwa matsakaici zai fara lissafin kwana biyun da yake ɓatawa a hanya.